Ni na goge rubutun matata, kuma gobe za a wanke kwamfutar

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan shafi, da fatan an wuni lafiya, ya aiki, ya iyali. Don Allah a sakaya sunana, masu karatu kuma ku yi mani sassauci, na riga na zagi kaina isasshe.

Ni direban tifa ne a Katsina, karatuna bai wuce firamare ba. Matata ce mai boko. Da girmanta ta koma makaranta, yanzu tana rubutun gamawa, wanda suke cewa furojet, duk yana cikin kwamfutarta. Kwanaki kwamfutar ta kama bairos, muka kai wa wani mai gyara a Ƙofar Sauri. Ina tsaye ya buɗe wani baƙin allo mara hoto, ya rubuta layi guda, rubutu ya yi ta gudu, ya ce maganin bairos ne ya tura ya bincike ta. Na ɗauki hoton layin da wayata.

Satin nan kwamfutar ta sake yin nauyi. Matata ta ce kar kowa ya taɓa, sai ta dawo daga suna ta kai gyara. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Kullum a gidana ni ne wanda bai iya ba? Injin tifa nake kwancewa in mayar, wannan ɗan akwatin ne zai gagare ni? Na buɗe baƙin allon, na kwafi layin harafi bayan harafi. Ya fara gudu, sai ya tsaya yana tambaya da Turanci. Na tuna harafin Y mai gyaran ya danna, ni ma na danna. Ya sake tambaya, na sake dannawa, haka na yi ta yi har ya gama. Ashe tambayata yake in goge, ni ina ce mashi goge.

Da ta dawo ta buɗe, babu rubutun. Ba ta yi kuka ba, zama kawai ta yi a ƙasa, wallahi gara a ce ta yi kukan. Ta tambaye ni ko wani ya taɓa, na ce ban gani ba. Ta ɗora laifin kan bairos.

Yau muka koma wurin mai gyaran. Ya ce idan bairos ne ya cinye, sai dai a wanke kwamfutar gaba ɗaya, wato a share duk abin da ke cikinta, kuma in aka wanke an yi sallama da rubutun. Amma idan mutum ne ya goge da hannu, akwai yadda za a gwada dawo da shi, sai dai a faɗa mashi ainihin abin da aka yi. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka tabbata ba wanda ya taɓa ta?"

Kafin in buɗe baki ta riga ni. "Baban Sadiya ko kunna ta bai iya ba."

Kare ni take yi, ni kuwa kamar ta mare ni. Haka muka bar mashi kwamfutar muka koma gida.

Gobe da hantsi zai wanke ta, wani sati za ta miƙa rubutun. In na je na faɗa mashi a ɓoye, zai rufa mani asiri? In ta ji daga bakinshi fa, bayan na kalli idonta na yi ƙarya? Jama'a, kafin ya buɗe shago gobe, me zan yi?