Allona a Ƙasar Turawa

Ingila, 9 ga Yuli, 1976

Baba,

Wa ya ce maka Turancin da na tsinta a takardun ƙunshin ƙosai ba zai kai ni ko'ina ba? Gafara Baba, ina gajiya? Ya damina, ya su Inna da Safara'u?

Ni lafiya lau, wandona ne dai ya fara yi mini yawa. A taimaka mini da yaji.

A sashenmu na adabi ba a shiga aji biyu sai an ci darasin waƙoƙin tsohon Turanci, wanda Turawan ma kuka suke da shi. Sai na sassaƙa allo, nakan rubuta baiti, in haddace, in wanke. 'Yan ajinmu suka yi ta dariya. Alhamdu lillahi, ni na zo na biyu, yanzu aron allon suke!

Don Allah kada ka kira ni gida. Na san Malam Gide ke karanta maka wannan, shi da ya ce a mai da ni akawun ɗan kwangila tunda faɗuwa zan yi. Malam, ranar kasuwar Ƙanƙara ka tsaya inda ka faɗi maganar nan, ka amsa wa jama'a: na faɗi?

Ɗanka,
Almu