Shida Ba Sa Buɗe Zaure

Asabar, 5 ga Maris, 1994

Mun binne Hopeton. Shekara arba'in da ɗaya da aure.

'Yan ƙungiyarsa sun zo, Jaruman Haikali na 'yan Mason, ƙungiyar asirin nan ta maza zalla, cikin fararen alkyabbunsu masu jan gicciye. Su shida kacal, ba wanda bai haura saba'in ba. Suka ɗaga takubba a ƙofar coci aka wuce da akwatin ta ƙarƙashi. Maas Lascelles, amininsa tun ƙuruciya, da ƙyar yake riƙe da nasa, har na ji tsoron takobin zai faɗo wa wani a ka. Sai a lokacin kuka ya zo min.

Talata, 8 ga Maris

Verona ta koma Toronto wurin yaranta. "Mama, ki biyo ni mana." Na ce wa zai ba kaji abinci?

Alhamis, 17 ga Maris

Maas Lascelles ya zo, hularsa a hannu, ya ƙi zama.

"Miss Icy, dokarmu ta ce sai da mutum bakwai ake buɗe zama. Hopeton ne na bakwai."

Wai shugaban yanki ya rubuto daga Kingston. Za a rufe reshen Port Antonio a haɗe shi da na can, kamar yadda aka yi wa wasu rassa biyu na gabas. Kuma sai sun mayar da takardar izinin da aka kafa reshen da ita. Sun birkice zauren taronsu, babu ita. Tunda Hopeton ne magatakardarsu, ko tana gida?

Na ce, "Shekara talatin kuna cewa mata ba sa shiga zaurenku. Yau kuma mace ce za ta nemo muku takarda?"

Ya ce ina da gaskiya. Wannan ya fi ba ni haushi.

Litinin, 21 ga Maris

Yau ma kofi biyu na sauke.

Laraba, 30 ga Maris

Na same ta. Tana ƙasan akwatinsa na ƙarfe, naɗe cikin tsohon zanen gadona da na yi ta nema tun bayan guguwar shekarar tamanin da takwas. Ashe da rufin zauren ya yaye, gida ya kawo ta.

Akwai littattafai uku da rubutunsa. Tarihin reshen ne tun farko: yadda wasu malaman makaranta da masu awon ayaba a tashar jirgin ruwa suka rubuta zuwa Sikotland neman izini, da waɗanda suka dawo daga aikin haƙar mashigin Panama suka gina benen zauren da hannunsu. Kowane mutum da sunansa, da sana'arsa, da wanda ya gabatar da shi. Har kakana na gani. Ban taɓa sani ba.

Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 1 ga Afrilu

Da ma ban buɗe littafi na ukun ba.

A gefen shafi, bara cikin Fabrairu: "Likita ya ce zuciyar ba za ta ƙara ɗaukar hawa bene ba. Matakala ashirin da biyu ne. In ban hau ba, su shida ne. Kada Icy ta sani."

Kada Icy ta sani. Ni da nake goge masa alkyabbar kowane wata, ina ce masa ya gaishe min da tsofaffin banzan nan.

Lahadi, 10 ga Afrilu

Na tare Lascelles bayan an tashi coci, a gaban mutane. Na ce kun sani?

"Mun sani, Miss Icy."

"Kuka bar shi yana hawa?"

"Bai hau ba. Tun watan Mayu a kujera muke ɗaukarsa. Mu huɗu. Mukan huta sau uku kafin mu kai. Yana zaune yana zaginmu, wai Winston na karkatar da shi kamar buhun doya." Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa. "Ya sa mun yi alkawari. Ya ce in kika ji za ki ɓoye masa takalma."

Da na ɓoye kuwa.

Na ce masa ku kuka kashe min miji. Ya sa hularsa ya tafi, yana jan ƙafar nan tasa.

Laraba, 13 ga Afrilu

Tsofaffi huɗu da kujera. Abin ya ƙi fita daga raina.

Asabar, 23 ga Afrilu

Na kai musu takardar da kaina. Littattafan kam na riƙe, Kingston ba su san kowa a ciki ba.

Na tsaya a ƙasa na kalli benen. Winston ya ce ba zama ake ba, in ina so in hau. Na hau. Ɗaki ne kawai. Kujeru, tutocin da asu ya ci, warin tsohon katako. Don wannan?

Lascelles ya karɓi takardar da hannu biyu. Na ce abin da na faɗa ran nan bayan coci, zafin zuciya ne. Ya ce, "Ai ni ma na faɗa wa kaina haka, ba sau ɗaya ba."

Litinin, 9 ga Mayu

An sa wa zauren kwaɗo. An ce musu suna iya zuwa zama a Kingston. Wa zai hau motar haya ta kan duwatsun nan da ƙugu irin na Lascelles?

Alhamis, 2 ga Yuni

Na gan su da la'asar a kan benci gaban gidan waya, su uku, suna kallon titi. Na ce in sun gama gadin titin, akwai miyar jan wake a gidana.

Biyar daga cikin shidan suka zo. Suka cika min baranda da gardama kan wace shekara aka sayi tutar farko, sai da na ɗauko littafi na raba su. Winston ne ba shi da gaskiya. Ya ce Hopeton ne ya rubuta ba daidai ba. Na ce ya maimaita in ya isa, a gidan mutumin, da cokalinsa a hannu.

Lascelles ya tambaya ko wata mai zuwa ma. Na ce zan gani.

Ni dai miyar ce ta yi min yawa. Har yanzu ban iya dafa ta mutum ɗaya ba.