Jif Ɗin Baba Ta Faɗa Hannun Abatcha

Lahadi, 2 ga Yuni, 1996

Yau aka raba gadon Baba. Gidan unguwar Dogo Tebo an bar shi yadda yake, mahaifiyarmu Hajiya tana ciki. Mata an ba su nasu. Abu biyu suka rage, gonar Danchuwa da jif, malamin da ya raba gadon ya ce darajarsu ɗaya, ni da ƙanena Abatcha mu yi ƙuri'a. Ya riƙe tsinke biyu a hannu. Ni na fara ja, tunda ni ne babba. Da hannuna na jawo gona.

Shekara shida ina tuƙa Baba a motar nan, tun da idonsa ya fara rauni. Kasuwar shanu duk Laraba, Damagum, Azare, asibiti. Abatcha yana can Damaturu yana sa hannu a takardu. Ko wanke ta bai taɓa yi ba.

Na miƙa masa makulli a gaban mutane, har na ce Allah ya sanya albarka. Bakina ne ya faɗa.

Litinin, 3 ga Yuni

Ya zo da sassafe ya ɗauke ta. Ina tsaye a ƙofar gida da buta a hannu. Ya shiga, ya ja ƙofar direba, garam, ta dawo masa. Ya sake, ta dawo. Sai a na huɗu ta kama, shi ma rabi. Ƙofar nan ta sauka tun ina saurayi, ba a buga ta. Ɗaga ta ake yi kaɗan ta wajen taga, a jawo a hankali, sai ta ce ƙas. Ya dube ni. Na dubi butata.

Bari in rubuta abin da ya gada, in ji sanyi. Gilashin baya na hagu in ya wuce rabi faɗawa yake cikin ƙofa. Yadin silin na rufin ciki ya saki, da ƙarafan tsohuwar lema uku muka tokare shi. Dashbod ya tsage kamar ƙasar fadama da rani. Ƙofar but ta baya ba ta tsayuwa sai da sanda. Akwatin gaba ba ya buɗuwa. Gilashin gaba yana yoyo ta saman kusurwar dama. Tsatsa ta fara cin ƙasa. Mota shekara goma sha bakwai, tsohuwa tukuf.

Kowanne na san maganinsa. Bai tambaya ba, ni kuma ba zan bi shi da shi ba.

Juma'a, 7 ga Yuni

A masallaci wani ya ce mini, ashe an ba ƙaramin Alhaji mota. Ƙaramin Alhaji! Tun yaushe?

Laraba, 19 ga Yuni

Ina dawowa daga gona a kan keke, taɓo har gwiwa, sai ga ta ta wuce ni. Tun kafin in waiga na gane ƙarar. Ya danna mini hon, ya ɗaga hannu. A kujerar Baba wani abokin aikinsa ne zaune, mai tumbi, ya fito da gwiwar hannu ta taga yana cin gyaɗa.

Kujerar nan ta lotsa daidai jikin Baba. Ta karkata hagu saboda ƙugunsa da ke ciwo, kullum a nan yake jingina. Ko Hajiya ba ta zama a wurin. Yanzu ga wani ƙato yana zuba ɓawon gyaɗa a kai.

Na kasa cin tuwo. Matata Ummuhani ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce gajiya. Ta ce gajiya mai ƙafa huɗu ko? Matar nan bakinta ya yi yawa.

Ƙyashi nake yi, to sai me? A littafin nan dai zan iya faɗa. Ina ƙyashin ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Astagfirullah.

Asabar, 29 ga Yuni

Abatcha ya zo gaida Hajiya. Gilashin baya ya faɗa, ya toshe tagar da kwali. Ɗan katakon da muke cusawa a gefen gilashin ashe ya jefar, wai ya ɗauka shara ce. Ya tsugunna kusa da ni a zaure, ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya ce, "Yaya, da kuna tare da Baba, gilashin nan yana yin haka?"

Na ce ban taɓa gani ba.

Ya ce to. Da zai tafi sai da ya buga ƙofa sau biyar. Ina ƙirgawa daga ciki, kowane bugu ina jin daɗi ina jin ciwo.

Lahadi, 7 ga Yuli

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Gero ya yi kyau, kowa yana yi mini barka, wai ni na yi sa'a a ƙuri'a. Su riƙe sa'arsu.

Duk farkon damina Baba yakan sa in sayo kakin zuma, mu murza shi a rana ya yi laushi, mu cusa a bakin robar gilashin gaba. Sannan in ɗaga kafet ta wajen ƙafarsa in zura waya a ɗan ramin da ruwa ke fita, don ƙasa tana toshe shi. Aikin rabin awa. Yana zaune a kan tabarma yana ba da umarni kamar shi ya ƙera motar.

Bana ba wanda ya yi. Kakin ma yana nan cikin gwangwanin madara a ɗakina, tun watan Afrilu na saya, kafin Baba ya kwanta.

Oho. Mai mota ya san ta kansa.

Talata, 23 ga Yuli

Na haɗu da Dung a wajen mai shayi. Dung fanel bita, mutumin Jos, shi yake mana aikin bodi tun zuwansa garin nan. Bai ko bari na zauna ba. Ya ce jif tana garejinsa kwana uku. Ruwa ya kwanta ƙarƙashin kafet sati da sati, ciki yana wari, tsatsa ta huda ƙasa har ana hango titi ta wajen ƙafar fasinja. Silin ya jiƙe ya zubo a kan Abatcha yana cikin tuƙi wajen Damagum, saura kaɗan ya faɗa rami. Ƙugiyar ƙofar direba ta karye saboda bugu, da igiya yake ɗaure ta.

Na ce Allah ya kyauta. Ya ƙura mini ido. Da Hausarsa ta mutanen Filato ya ce, "Malam Babaji, kai ka san ramin nan. Ni na nuna maka shi."

Sai ya ƙarasa. Abatcha ya gaji, ya sami wani mai sayen fatu da zai karɓe ta. Injin yake so. Za a yanke bodin daga bayan kujerar direba a mai da ita akori-kura, a cire kujeru, a dinga loda fatu daga mahauta. Ranar Litinin mai zuwa Dung zai sa wutar yanka.

Shayin ban sha ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Fatu! Ɗanyun fatu a motar da Baba ba ya yarda a shiga da kifi. Yaron nan ba shi da mutunci. Wata biyu bai cika ba ya kashe abin da muka yi shekaru muna lallaɓawa. Da ni na ja ɗaya tsinken...

Na faɗa wa Ummuhani haka, ina ta faɗa. Tana tsintar shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ta bari na gama, ta ce, "Ya tambaye ka, Malam. A zaure. Ina jin ku."

Na ce ba ruwanta da maganar 'yan'uwa. Ta ce haka ne, amma gwangwanin da ke ƙarƙashin gado ita take share gefensa kullum.

Na fita ban ce mata sai na dawo ba.

Alhamis, 25 ga Yuli

Ban je ko'ina ba. So nake ta gagare shi, ba so nake ta mutu ba. Ban taɓa tunanin hanyar ɗaya ce ba.

Asabar, 27 ga Yuli

Da hantsi na ce bari in bi ta garejin Dung, in gan ta kawai. Tana ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. An ja layi da farin alli, daga rufi ya sauko ta gefe har ƙasa, daidai inda za a yanka. Na taɓa ganin mahauta suna auna sa da ido, haka na ji.

Na kwance igiyar, na shiga. Wari, eh. Silin yana lilo, ƙarfen lema ɗaya ne ya rage. Kujerar Baba ta yi baƙi-baƙi da danshi amma lotsawar tana nan. Na sa gefen hannu na bugi dashbod a ƙasan akwatin gaba, can wajen dama, na danna maɓallin a lokaci guda. Ya buɗe. Tabaraun Baba yana ciki, da carbi, da rabin goro da ya bushe a cikin takarda. Yadda ya bar su ranar da na kai shi asibiti.

Wato duk kwanakin nan ba wanda ya buɗe.

Ina riƙe da tabarau sai na ji mutum a bakin taga. Abatcha ne. Ya zo kwashe takardun mota. Ya dubi akwatin a buɗe, ya dubi hannuna. Na shirya faɗa, wallahi na shirya, har na tanadi maganganu tun shekaranjiya. Sai ya ce ya yi sati yana fama da akwatin nan da sukuddireba, ya haƙura don kada ya fasa.

Na ce me ya sa zai sayar wa mai fatu. Ya ce to ya zai yi? Duk abin da ya taɓa sai ya lalace a hannunsa. Ya jingina da motar, yana kallon ƙasa, ya ce:

"Yaya, shekara shida in na zo gida ina ganinku kuna fita, kuna dariya tun daga ƙofa. Ko sau ɗaya Baba bai ce in karɓi tuƙi ba. In na bi ku, baya nake zama kamar baƙo. Da na ja tsinken nan na yi murna, na ce yau dai na sami wani abu nasa. Sai ga shi ita ma ba ta so na."

Ƙato da shi, mai 'ya'ya uku, muryarsa tana rawa.

Ban san yana kallonmu ba. Ni a ganina shi ne ɗan gata, mai ofis, wanda Baba yake ambata a gaban baƙi. Ni direba.

Na fito, na ce ya shiga ya zauna. Na ce kama nan, ta wajen taga. Ɗaga. Kaɗan, ba da ƙarfi ba. Jawo. Ƙugiyar ta karye, ba ta kama ba, amma ƙofar ta zauna daidai a mazauninta, shiru, ba garam. Ya sake yi. Ya sake. Sai ya ɗago ya ce, "Ashe ka sani."

Na ce na sani. Har da gilashin. Har da yoyon.

Na ɗauka zai zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ya shafa sitiyari. Can ya ƙwala wa Dung kira, ya ce a faɗa wa mai fatu an fasa.

Dung ya ci gaba da bugun wata tasi. Amma na ga haƙoransa.

Talata, 30 ga Yuli

Dung ya yi waldar faranti a ƙasa, ya sa ƙugiya ta hannu. Na kai gwangwanin kaki. Na sassaƙa sabon katako. Ummuhani ta ba da tsohuwar lemarta ba tare da na roƙa ba, ta ce ai dama ta yage. Ba ta yage ba.

Don motar na yi.

Litinin, 5 ga Agusta

Abatcha ya biyo ta gida da safe zai koma Damaturu, ya ce in raka shi zuwa Damagum in ji ko akwai sauran ƙara, in dawo a motar haya. Na nufi ƙofar direba, ƙafata ce ta kai ni. Sai na tuna. Na zagaya.

Ban taɓa zama a kujerar Baba ba. Tana karkatar da mutum hagu ko bai so ba, sai ka ga kana fuskantar direba. Ashe shi ya sa kullum nake ganin kamar ni yake kallo.

Tuƙin Abatcha ba laifi. Yana shiga rami dai, kuma yana saurin sa giya. Wajen rabin hanya na ji bakina yana cewa a hankali, ba tsere muke ba. Ya yi dariya har motar ta yi gefe, ya ce haka Baba yake ce maka? Na ce kullum.

Ruwa ya sauko kafin mu isa. Na zuba ido a kusurwar gilashi. Ɗigo ɗaya ya taru, ya yi kamar zai faɗo, bai faɗo ba. Da muka tsaya na duba gefe, allin ya wanke, saura ɗan fari a ƙarƙashin marikin ƙofa.

Har yanzu tasa ce. Har yanzu in na ji ƙararta daga nesa ƙyashin yana taso mini, ba zan yi wa littafin nan ƙarya ba. Kuma akwatin gaba na yi niyyar riƙe dabararsa, ko abu ɗaya ya zama nawa ni kaɗai.

Da zan sauka na buɗe shi don in mayar da tabarau. Yana kallon hannuna. Na gan shi sarai.

A hankali na yi. Sau biyu.