An Nome Filin Wasanmu

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya Alhaji da yara, yaya zaman Fatakwal? Mu nan Malumfashi lafiya lau, sai dai gwiwar nan da ke damuna tun ina kyaftin ɗin netbol.

Yaya, an nome filin makarantar da nake koya wa 'yan mata wasa. Na dawo daga hutu na tarar masara ta kai ƙugu, ƙarafan raga kuma an jingine su bayan aji. Da na sami shugaban makaranta sai ya ce, "Malama Binta, ki yi haƙuri sai an girbe." Gasar jiha kuwa kafin girbi za a yi ta.

Rabi, wadda ta fi kowa iya jefa ƙwallo, ta tambaye ni inda za su yi atisaye. Ni da na ɗaga kofi a Katsina, yau ba ni da inda zan tsayar da yarana. Na gaji, Yaya, amma na ce su zo tsakar gidanmu ranar Asabar, zan kwance igiyar shanya.

Ki sa ni a addu'a. A gaida Alhaji da yara.

Ƙanwarki,
Binta