Idan Waya Ta Ce Babu Iska

Yaya Semesa,

Ina gaisuwa daga Brisbane. Yaya ƙafar Inna, yaya yara? Ni lafiya lau, sai dai tun makon jiya an daina kirana taro a ofis.

Ka tuna manhajar yanayi da na sa maka a waya? Ma'aunan iska na tsibiranmu suna turo mata bayani a wani tsarin rubutun kwamfuta da ake kira JSON, mu ne a ofis muke zaɓa mata yadda za ta karanta. In lamba ba ta iso ba, ko ta ce ba ta sani ba, ko ta cike gurbin da sifili. Na bar ta a kan na farko. Ranar Talata na tarar an juya ta zuwa sifili. Na tambayi shugabanmu Lachlan, ya ce, "Liti, ba wanda ke son allo fayau." Bai yarda mun haɗa ido ba.

Ka san ma'aunin tsibirin Kadavu ba ya shiru sai iska ta karya shi.

Don Allah, in waya ta nuna sifili, kada ka tura kwalekwale ruwa. Ka ɗaga kai ka dubi sama yadda Baba ya koya mana.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarka,
Litiana