Yaya Sadi, Game da Rawar Hannun Mukhtar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti Zulai da yara, da duk mutanen Kano. Hajiya tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi tun da GP, likitanta, ya canza mata magani. Na rubuto maka a nan inda jama'a za su gani ne da gangan, don na san halinka: a waya sai ka ce layi ba kyau, amma a gaban mutane ba ka gudun magana.

Maganar Nafisa ce, autarmu. Tun rasuwar Baba kai ne waliyyinta, kuma ka ce ba za ka ba Mukhtar aurenta ba sai ka yi tunani. Dalilinka shi ne ranar da kuka gaisa ta bidiyo ka ga kofin shayi yana rawa a hannunsa, ka ce mai gaskiya ba ya rawar jiki. Yarinyar nan ko abincin kirki ba ta ci tun ranar. To Yaya, zan tuna maka karatun da kai ka koyar da ni.

Ka tuna flat ɗinmu, ɗan gidan nan na Old Trafford a Manchester, lokacin da ka dawo daga gidan ɗalibai na Fallowfield da kwalin karta, ka ce za ka koya mana poker, wasan kartar nan da ake zuba kuɗi? Hajiya ta ce caca ba za ta shiga gidanta ba tana da rai. Kai kuma da bakinka mai zaƙi ka ɗebo wake a gwangwani, ka ce ko sisi ba za a sa ba, wanda wakensa ya fara ƙarewa shi zai tsince sauran ya dafa mana garau-garau. Ta yi tsaki, ta ce mu ƙarata. Ba a yi nisa ba ta jawo kujera, wai kallo kawai za ta yi. Wa ya fi ta cin wakenmu daga baya?

Kowace Lahadi bayan la'asar muna kan teburin nan, ruwan Manchester yana zuba, an kashe hita don tsimi, kowa da bargo a kafaɗa. Ni ce kullum mai tsintar wake. Na yi fushi na ce kana leƙa katina, sai ka ce min, "Munari, ina ruwana da katinki, labarin zuciya a tambayi fuska."

Daga nan ka fara tona min asirin ɗan koyo. Yana manna kati a ƙirji sai ka ce jariri. Yana zuba wake tun layi bai zo kansa ba. Idan kati mai kyau ya faɗo, idonsa yakan sauka kan wakensa nan take, don zuciyarsa ta riga ta fara lissafin abin da zai zuba, ko da bakinsa yana cewa bari ya yi tunani. Wanda ya fi zauna min shi ne na hannu. Ka ce mutane suna ɗauka mai burga ne hannunsa ke rawa, alhali mai burga sandarewa yake yi, har numfashi yakan riƙe. Ɗan koyon da hannunsa ke kakkarwa, abin kirki yake riƙe da shi, tsoro yake kada ya suɓuce masa.

Da aiki ya tsaya ka koma gida, mu kuma muka dawo Sparkbrook a Birmingham, kwalin kartar ya biyo mu cikin kayan kicin. Ba mu sake buɗe shi ba, don wasan ba ya daɗi babu kai. Wallahi na yi kewarka, Yaya, har da cika bakin.

Lahadin da ta wuce na zaro shi, na sa Nafisa ta gayyato Mukhtar cin abinci. Da ya ga karta sai ya ja da baya yana istigfari, sai da Hajiya da kanta ta ajiye masa gwangwanin wake ta yi masa bayani sannan ya zauna, a bakin kujera.

Da ma kana nan. Duk abin da ka lissafa sai da bawan Allahn nan ya yi. Ya manna kati a ƙirji, ya zuba wake kafin Hajiya, ya ba ta haƙuri kamar ya taka mata ƙafar. Can Nafisa ta zuga shi ya gwada burga. Sai ga mutum ya ƙame, ido a bango, ko ƙiftawa babu. Hajiya ta dube shi ta saman tabarau ta ce ya yi numfashi kada ya mutu mata a falo, ta kwashe waken. Dariya har da hawaye.

Zagaye na gaba kuwa, da ya miƙa hannu zai zuba, wake ya watse har ƙarƙashin kujera. Ni da Hajiya muka kalli juna, muka ajiye katinmu. Nafisa ce ta ƙi, ita da ba ta taɓa sauraron darasinka ba. Ya buɗe, sarakuna uku ne a hannunsa.

Ka ga ke nan na ga ƙaryarsa, na ga gaskiyarsa, duk a zama ɗaya. Ranar bidiyon nan da ya gaya maka cewa council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe cibiyar matasan da yake aiki, yanzu tasi yake ja yana ƙarasa karatun akanta, babu wanda ya tambaye shi, shi ya fara faɗa. Da ɓoye wani abu yake yi, da kofin nan bai motsa ba. Rawar da ka gani ta mutumin da yake son ƙanwarka ce, yana tsoron ka hana shi.

Na san za ka ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Gaskiya ne, yi bincikenka, tambayi limamin masallacinsu, tambayi danginsa na Zariya. Amma kada ka riƙe masa rawar hannu a matsayin laifi. A ƙarshe shi ya tsince waken, kuma ya tsince shi tas, ko tsakuwa ɗaya ba mu tauna ba.

Sauran magana ɗaya, kada ka ji haushi. A wayarmu ta ƙarshe ka ce min sai ka yi tunani, sai kuma ka tambaye ni yaushe ake ba yara hutun bazara a nan, da ko zauren da ke Stratford Road zai ɗauki mutanenmu duka. Yaya, idonka ya riga ya sauka kan wakenka, ni kuma ɗalibarka ce.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙara wa Hajiya lafiya, Ya ba ka ikon yanke abin da ya fi alheri, Ya sa mu ga ranar nan muna tare. Kira Nafisa ka gaya mata da bakinka, ta samu ta ci abinci. Ni na ajiye maka kujerarka da gwangwaninka.

Taka ƙanwa, mai tsintar wake ta dā,
Munari
Sparkbrook, Birmingham