Maɓalli a Gindin Kofi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya sa shan maganin kike yi, ba ajiye shi a gaban madubi don ado ba.

Kin san ranar Laraba zan tafi kare kundin digirina, kwana uku, in bar Kumatu da babanta. Wata biyu na yi ina tatsar nono ina daskararwa a firiza, leda talatin da ɗaya, kowace da kwanan watanta. Nama da kifi suna ƙasa cikin roba mai murfi, nono a kwandon sama. Na kuma daskarar da ruwa a kofi na ɗora maɓalli a kan ƙanƙarar, don in kaya suka narke suka sake kamawa, maɓallin zai nutse ya tona asiri. Injiniya, maigidana, ya yi dariya, ya ce boko ya yi mini yawa.

Jiya ni da Kumatu muka dawo daga kwana biyun da muka yi wurin Mama. Kicin sai ƙamshin turare, an goge ƙasa fes. Nan gabana ya faɗi, don tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin mutumin nan da tsumma ba. Na buɗe firiza. Maɓalli yana gindin kofi.

Yaya, ƙarnin da ya buge ni har yanzu yana maƙogwarona. Ashe ya sayo ɗanyun kaji ya jibga su a kan kwandon sama. Ruwan jininsu ya tsiyaya cikin ledojin nonon, ya daskare ja-ja. Kifin ƙasa ya yi kore a ciki, ya manne da jikin roba. Na narkar da leda ɗaya na sunsuna, da ƙyar na kai bayi.

Da fari ya ce wuta aka ɗauke. Maƙwabciyarmu ta ce ko ƙiftawa ba ta yi ba. Sai ya sauko: ranar Juma'a ya zare filogin don ya sa dutsen guga, bai tuna ba sai Lahadi. Ya mayar, ya goge, ya fesa turare, ya yi gum. Da na matsa, ya yi mini lacca, wai sanyi yana kashe ƙwayoyin cuta, abin da ya sake daskarewa ya koma sabo. Mutum mai digiri a kan lantarki! Na ce masa sanyi barci yake sa su, ba mutuwa ba.

Mantuwa kowa yana yi. Abin da ya tsaya mini shi ne da zai raka ni tasha yana ɗaga mini hannu, ya koma gida ya ɗura wa 'yar wata huɗu wannan ƙazantar.

Na zubar da ledojin nonon duka, ɗaya bayan ɗaya, ina karanta kwanan watan. Kumatu da ni za ta tafi. Don Allah ki shirya jakarki, ke za ki riƙe mini ita a ƙofar zauren.

Kajin kuwa, ya rantse lafiyarsu ƙalau. Na ce to bismillah, ga tukunya. Tun jiya burodi yake ci da shayi.

Ki gaishe mini da kowa, ki shafa kan yaran.

Ƙanwarki,
Maman Kumatu